Waƙar Mai Guduma

Ranar da Mai Guduma ya cire wa Inna haƙori, ruwan wanka ta kai masa. Ta ajiye bokiti a bakin ƙofa ta ce, "Baban yara, ga ruwa." Ya dube ta irin kallon da ake yi wa ɓarawon da aka ritsa a ɗaki. Shekara arba'in da huɗu suna zaune tare, amma a safiyar nan bai san ta ba.

Ya ce, "Wa ya ba ki izinin shigo mini gida?"

Kafin ta buɗe baki ya kai mata bayan hannu. Hannun kuwa ba na wasa ba ne, shekara talatin ya yi yana fasa dutse da shi, can ma ya samo sunan da ya bi shi. Ta faɗi kan bokitin, ruwa ya malale, ta tofar da jini, sai ga haƙorinta a ciki kamar ƙwayar masara. Ta tsince shi ta ƙulle a gefen zani don kada babban ɗansu ya gani. Sai dai leɓe ba ya ɓuya.

Da la'asar ɗan ya shigo. Direba ake ce masa, babbar mota yake ja.

"Inna, me ya sami bakinki?"

"Ƙofa na buge."

"Ƙofar yatsu gare ta? Ga su nan kwance a kumatunki."

Ta ja mayafi ta rufe kumatun. Shi kuwa ya shiga jero mata abin da ta riga ta sani. Tun da ciwon mantuwa ya kama tsohon ya fasa madubi don ya ga baƙo a ciki, ya watsa wa maƙwabciya ruwan zafi, ya kori mai gyaran wuta da itace har bakin titi. Direba ya fita, ya dawo da sarƙar da yake ɗaure kaya da ita a mota, da kwaɗo sabo fil, ya zube su a tsakar gida.

Inna ta san abin da sarƙa take yi wa mutum. Akwai wani tsoho a layinsu da 'ya'yansa suka ɗaure a ɗakin baya. Ta taɓa leƙa shi. Ƙafar ta ruɓe har ana ganin farin ƙashi, ƙudaje sun yi mata baƙi, shi kuma yana kiran uwarsa da ta mutu tun kafin a haifi masu ɗaurin.

Ta ce, "Ba za a ɗaure shi ba ina da rai."

"To sai ya kashe ki tukuna?"

"Likita ya ba ni takarda. Akwai gidan da ake kai irinsu su yini. Ya ce har da kiɗa ake yi musu magani."

Direba ya yi dariyar takaici. "Kiɗa! Baba da ko rediyo ba ya kunnawa sai labarai? To, Inna, na ba ki wata ɗaya. In ya sake zubar da jinin wani, naki ko na bare, wallahi ba zan sake shawara da ke ba."

Gidan yana bayan asibiti. Ɗaki ne babba mai tayil, da fanka biyu, ɗaya ba ta aiki, da kujerun roba an jera su da'ira. Mutum goma sha biyu ke zuwa, har da shi. Akwai makafi biyu, akwai masu keken guragu, akwai tsofaffin da suka manta sunan 'ya'yansu. Mai kula da gidan wata nas ce da kowa ke kira Sista, mace mai agogo a ƙirji. Dokarta ɗaya ce: ƙarfe goma sha biyu daidai a kaɗa ƙararrawa, kowa ya bar abin da yake yi a sha magani. Ko loma ce a bakinka, ka ajiye.

Mai kiɗan kuwa Malama ake ce mata, siririya, da tabarau mai kauri, da jita a rataye, da buhun ƙananan ganguna. Inna ta zauna a gefe ta ga abin mamaki. Wata mata da ba ta ce uffan ba tun da ɓarin jikinta ya shanye, da Malama ta ɗauko wata tsohuwar waƙa sai ga ta tana bi tiryan-tiryan. Wani dattijo da ƙafarsa ke maƙalewa a ƙasa, in aka buga masa ganga sai ya taka har ƙofa ya dawo.

Kusa da Mai Guduma aka ajiye wani mai keke da ake kira Akawu. Rabin jikinsa ya mutu, amma harshen yana nan da kaifinsa. Ya dubi kafaɗun tsohon ya ce, "Sista, wannan majinyaci kuka kawo mana ko maigadi?"

Malama ta tsuguna gaban Inna. "Inna, wace waƙa ya sani tun yana saurayi? Abin da mutum ya ji da ƙuruciya shi ne na ƙarshen fita daga kansa."

"'Yar nan, shi ba mutumin waƙa ba ne."

"Ko guda? Ko wadda yake yi a maƙoshi in yana aiki?"

Inna ta yi tunani. Can ta tuna wani abu da yakan yi ƙasa-ƙasa in yana faskare, tun suna sabon aure. Baiti huɗu kawai ta riƙe. Kunya ta kama ta, amma ta rera:

Riƙe ƙarfe, juya ƙarfe,
Dutse ba ya jin lallashi.
Sama taka, ƙasa tawa,
Ka buga, ni in juya.

"Shi ke nan?"

"Iyakar abin da na sani ke nan."

"Ya isa," in ji Malama. "Sai mu riƙa maimaitawa."

Ranar Talata Malama ta ɗauko waƙar. Ta yi sau ɗaya, tsohon bai motsa ba. A na uku sai bayansa ya miƙe. Ya haɗa hannuwansa biyu kamar mai riƙe da ƙota, ya fara dukan gwiwarsa daidai kan kalmar ƙarfe. Bakin da ya yi wata biyar ba ya fitar da komai sai zagi ya buɗe, ya ce, "Juya da kyau mana, kai!" Ya yi dariya. Ya waiwayo ya dubi Inna, ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Uwar yara, yaushe kika tsufa haka?"

Inna ta toshe baki da mayafi. Shekara guda ke nan rabon da ya kira ta da wannan sunan.

Sai ƙararrawa ta kaɗa. Malama ta dafe igiyoyin jita da tafin hannu a tsakiyar baiti, kamar yadda ta saba.

Ƙarar da tsohon ya yi, Inna ba ta taɓa jin irinta daga bakin ɗan'adam ba. "Hannu! Hannu!" Ya miƙe ya yi jifa da kujera, ta fasa gilashin taga. Ya kife teburin magani, ƙwayoyi suka watse a ƙasa. Makafin nan biyu suka ƙanƙame juna suna salati. Ma'aikata maza biyu suka taso masa, ya yi wurgi da na farko har kansa ya bugi bango, sai da na biyu ya kwashe masa ƙafafu. Suka danne shi rub da ciki, ɗaya ya sa masa gwiwa a gadon baya, Sista ta caka masa allura ta saman wando. Kumatunsa na manne da tayil, yana ta cewa hannu, hannu, har muryar ta mutu.

Sista ta ce ƙararrawar ce ta firgita shi. Aka shirya ranar Alhamis Malama za ta tsaya da saura minti biyar, a fita da shi kafin a kaɗa. Inna ba ta gaya wa Direba komai ba.

Ranar Alhamis ma ya dawo hayyacinsa, har ya fi na Talata. Ya miƙe tsaye yana lilo da hannuwa, gumi na zuba. Akawu na buga masa ganga da hannunsa mai rai yana cewa, "A gaishe ka, maigadi!" Da lokaci ya yi, Malama ta rage sauti a hankali, a hankali, ta yi shiru. Ba ƙararrawa, ba komai.

Wannan karon kan Malama ya yi. Ya fizge jitar, igiyar ratayar ta shaƙe ta kafin ta tsinke, tabarau ya faɗi. Ya ɗaga jitar sama da hannu biyu ya maka a bango, ta tarwatse. Guntun da ya rage a hannunsa ya sake lilo da shi, ya sami Akawu a goshi. Fatar ta dare. Jini ya rufe wa Akawu ido, ya sauko kan farar rigarsa, ga shi ba shi da hannun da zai share sai guda, shi ma yana riƙe da keke kada ya kife. Ɗinki bakwai aka yi masa.

Sista ta kira Inna ofis. "Inna, ki yi haƙuri. Ba ƙararrawa ba ce, kiɗan ne ba ya so. Ina da mutum goma sha ɗaya da ba sa iya gudu. Kada ki sake kawo shi."

A bakin ƙofa Malama ta tare ta, wuyanta da jan zane, tana kallonta da ido tsirara ba tabarau. "Inna, yana son waƙar nan. Da idona na ga ya dawo. Akwai abin da ban sani ba a cikinta. Wa ya san ta tun daga tushe?"

Inna ta wuce, hankalinta na gida. Labari kuwa ya riga ta isa.

Ta tarar da Direba a tsakar gida da maƙwabta biyu. Sarƙar na hannunsa. Suka jira tsohon ya shiga ɗakin baya suka bi shi. Allurar da Sista ta sake caka masa ba ta gama sakinsa ba, amma duk da haka sai da suka ji jiki. Ya kafa wa ɗansa haƙora a kafaɗa har rigar ta jiƙe da jini. Direba ya hau ruwan cikin ubansa ya danne masa wuya da damtse, yana kuka yana cewa, "Ku kama ƙafar! Ku kama ƙafar mana!" Inna ta dinga dukan bayan ɗanta da hannu biyu tana cewa, "Ubanka ne! Ubanka ne, la'ananne!" Ya ture ta da gwiwar hannu ta zauna daɓas. Aka zagaya sarƙar a idon sawu, aka zura ta ta ƙarfen taga, kwaɗo ya ce ƙyas. Direba ya jefa makulli a aljihu, ya ce yana da lodi, sai jibi.

Tsohon ya yini yana ja. Kafin rana ta faɗi fatar idon sawun ta saɓule. Inna ta tura tsumma tsakanin ƙarfe da nama, ya cire ya yar.

Da gari ya waye ta tuna da tambayar Malama. Mutum ɗaya ne ya rage a duniya da ya san waƙar: ƙanin mijinta, wanda ake kira Dungu saboda hannunsa na hagu da ya tsaya a wuyan hannu. Tare suka yi aikin dutse. Yanzu gadi yake yi a wata ma'ajiyar katako a ƙarshen gari. Mota biyu ta shiga kafin ta kai.

Ta same shi a kan benci yana tari. Ya ce, "A'a, matar Yaya! Wa ya yi miki giɓi? Kin koma yarinya, ko dai in shigo layi?"

"Ka fara samo hannun da za ka karɓe ni da shi."

Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. Ta zauna ta ba shi labari tun daga bokiti har sarƙa. Da ta zo kan waƙar sai dariyar ta ɗauke.

"Rera mini yadda kuka yi masa."

Ta rera baiti huɗun.

"Sai kuma me?"

"Sai a sake daga farko. In lokaci ya yi a tsaya."

"A tsaya? Haka kawai, a tsakiya?" Dungu ya dafe kai da hannunsa guda. "Innalillahi. Kun kashe ni. Matar Yaya, ba a yanke waƙar guduma."

Ya ɗauko wani guntun ƙarfe mai tsini da yake tokare ƙofa da shi, tsawonsa kamu biyu, kansa ya baje don shan duka. Ya kafa shi a ƙasa ya tsuguna.

"Kin ga, rami muke huda wa dutse a zuba nakiya. Ni ina ƙasa na riƙe wannan, ina juyawa bayan kowane bugu. Yaya yana sama da guduma mai nauyin ɗan akuya. Ƙura ta hana shi ganina, da kunne yake aiki. Muddin ina waƙa, ya san hannuna na inda ya kamata. Guduma kuwa in ta tashi sama ba ta da birki. Shi ya sa waƙar take da ƙofar fita. Sai na ƙirga masa uku kafin ya tsaya. In waƙa ta yanke ba ƙirga, ma'anarta ɗaya ce a wurinmu: na ƙasa ya shiga uku."

Ya ɗaga dungun. "Rina ce ta harbe ni a wuya. Na yanke waƙa na kai hannu, ƙarfe ya karkace, guduma tana hanya. Yaya ya kalli abin da ya rage na hannuna a kan dutse, ya saɓa ni a kafaɗa ya yi ta gudu yana ihu, hannu, hannu. Daga ranar bai sake yarda wani ya tsuguna ƙarƙashinsa ba, tsakuwa ya koma fasawa shi kaɗai. Ku kuwa duk ranar da kuka yanke masa waƙa, sabo yake farfasa hannun nan."

Inna ta dubi dungun ta ce, "Ban taɓa ji ba. Da na tambaye shi, cewa ya yi tsautsayi ne."

"To da me zai ce? Tashi mu je."

A mota ya koya mata ƙarshen waƙar, tana maimaitawa, fasinjoji na kallonsu. Da suka isa gida ta jawo tsohuwar gudumar daga ƙarƙashin gado, da ƙyar take ɗaga ta.

Ta ce, "Riƙe mini kwaɗon."

"Na riƙe wa mijinki na rasa ɗaya, in riƙe miki in rasa ɗayan? Ɗora shi kan bulo ki yi ta kanki."

A bugu na tara kwaɗon ya buɗe. Ta wanke ƙafar ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Ta san in ba a gaban Sista aka yi abin ba, ba wanda zai yarda, gobe kuma in Direba ya dawo sarƙa za ta koma. Suka sa shi a tsakiya suka nufi bayan asibiti.

Sista ta tare ƙofa da jikinta. "Inna, ba mun gama magana ba?"

Daga ciki aka ce, "Bar su su shigo." Akawu ne, kansa naɗe da bandeji. "Kaina aka fasa, ni ke da magana. Ina son in ji dalilin ɗinki bakwai."

Malama ta saurari Dungu, ta cije leɓe, ta ce, "Laifina ne. Ban tambayi yadda take ƙarewa ba." Ta roƙi Sista ta bari a gwada sau ɗaya tak, Sista ta yarda. Aka fitar da sauran mutane baranda, aka kwashe kujeru. Akawu ya ƙi fita, ya ja birkin kekensa a bakin ƙofa. Ma'aikatan nan biyu suka tsaya a bango, Sista da allura a hannu. Ba wanda ya lura da sandar guragu ta ƙarfe da wani ya jingina a bayan ƙofa.

Dungu ya tsuguna a tsakiyar ɗaki, ya kafa guntun ƙarfensa a kan tayil, ya tallafe shi da dungu da hannu. Malama ta ɗauki ƙaramar ganga. Ya ɗauko waƙar da muryar da ta sha ƙura.

Mai Guduma ya ɗaga kai tun a baitin farko. Ya tako ya tsaya a kan ƙaninsa, ya ware ƙafafu, ya tofa yawu a tafin hannu. Ya fara lilo da hannu wofi. "Ka yi ƙiba, yaro," in ji shi. "Juya!"

Sau uku suka zagaya lafiya. A na huɗu, daidai kan sama taka, tari ya turnuƙe Dungu. Tarin masu dutse ne, wanda in ya zo ba ya sallama. Waƙa ta yanke. Ƙarfen ya faɗi ya gangara.

Tsohon ya kurma ihu. Ya waiga, idonsa ya faɗa kan sandar, taku biyu ya ɗauko ta. Ma'aikaci ɗaya ya nufo shi, ya sha ta a haƙarƙari ya durƙushe. Ya ɗaga ta sama da hannu biyu, Dungu na duƙe a gabansa yana neman numfashi, ƙeyarsa a buɗe.

Inna ba ta san lokacin da ta isa ba. Ta zube kan gwiwoyinta, ta bangaje Dungu gefe, ta cafko ƙarfen ta kafa, ta riƙe da hannu biyu. Ta buɗe baki daga inda aka yanke.

"Sama taka, ƙasa tawa!"

Sandar ta sauko a kan ƙarfen daidai, ƙarar ta cika ɗakin. Zafin ya ratsa ta har haƙora. Tayil ya tsage a ƙarƙashin tsinin.

"Ka buga, ni in juya!"

Sandar ta sake saukowa. Malama ta kama bugun da ganga. Inna ta nemi farkon ƙarshen waƙar a kanta, ta rasa, tsoro ya share shi tas. Ba halin tsayawa, sai ta koma riƙe ƙarfe, juya ƙarfe.

A nan Direba ya faɗo, maƙwabci ya buga masa waya ya juyo daga hanya. Abin da ya gani kawai ubansa da ƙarfe a sama, uwarsa a ƙasa. Ya zabura. Akawu ya saki birki ya tura keken cikin ƙafafunsa, suka kife tare.

"Tsaya, ɗan banza!" in ji Akawu daga ƙasa, ya damƙe masa wando. "In ka yanke ta ka kashe ta!"

Inna ba ta iya juya ƙarfe ba, ba ta taɓa yi ba. A bugu na shida ya karkace, sandar ta zame ta sauka kan yatsunta biyu na ƙarshe. Ta ji ƙarar karyewarsu kamar an taka busasshen kara. Duhu ya gilma mata. Muryarta ta haura sama ta zama kamar kuka, amma kalmomin ba su tsaya ba. Dutse ba ya jin lallashi. Jini ya bi ƙarfen yana sauka, yana sa shi santsi, ta ƙara matsewa da sauran yatsun.

Dungu ya samu numfashi guda, ya ce da ƙyar, "Rami... rami ya kai."

Ta cafe.

Rami ya kai, ƙura ta fito,
Saura uku, ɗan'uwana.
Saura biyu, sassauta.
Saura ɗaya, ajiye.

Bugu uku, kowanne ya fi na bayansa sauƙi. A na ƙarshe ya sauke sandar, wadda ta riga ta lanƙwashe, ya jingina ta da cinyarsa. Ya share goshi da bayan hannu ya huro iska. Ɗakin ya yi tsit, sai fanka.

Ya duƙo ya ce, "Hannu lafiya?"

Inna ta tura hannun cikin mayafi. "Lafiya lau."

"Madalla. A ba mu ruwa."

Ya nemi gefen bango ya zauna, ya miƙe ƙafafu kamar kowane lebura da ya gama aikin safe. Aka ba shi ruwa ya sha, ya miƙa wa Dungu sauran.

Sista da kanta ta ɗaure yatsun, ta tura a yi hoto. Da ta gama ta ce, "Ba zan mayar da shi cikin mutane ba, Inna, kada ma ki roƙe ni. Amma Talata da Alhamis, in an tashi, ɗakin nan babu kowa awa guda. Ke da Malama da shi. Ba sanda, ba ƙarfe, ba kujera. Ba kuma mai kaɗa muku ƙararrawa."

Direba yana tsaye yana kallon bandejin, jijiyar wuyansa ta tashi. "Yatsu biyu, Inna. Jiya haƙori, yau yatsu. Na ce in ya sake zubar da jini..."

"Ba shi ya zubar ba. Ni ce ban iya juyawa ba." Ta dube shi ido cikin ido. "Ka ji abin da ya tambaya da ya gama? Mutumin da kake ɗaurewa ke nan. In ya birkice a gida, waƙar za a yi masa har ƙarshe. Ni kuma ba kullum nake da murya ba. Za ka koya, ko za ka sake hawa cikin ubanka?"

Direba ya juya. Ya fita baranda ya daɗe. Da ya dawo sai ya tsuguna ya ɗauki uban a baya, saboda ƙafar ba ta takuwa, ya kai shi mota.

Wata bakwai Mai Guduma ya ƙara a duniya, kuma ba a sake ɗaure shi ba. Ba wai ya warke ba ne. Akwai ranakun da waƙar ba ta kama shi, sai dai a fice a ja masa ƙofa har ya gaji. Ya sake fasa wa Inna baki sau ɗaya, ya karya ƙofar banɗaki. Yatsun nata ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Amma mafi yawan lokuta in ya fara zare ido aka ɗauko masa ita, aka kai shi har ajiye, sai ya nemi ruwa.

Koyon Direba ne ya ba da wahala. Washegarin ranar da yatsun Inna suka karye Dungu ya zaunar da shi a tsakar gida, ƙaton mutum da cizo a kafaɗa, yana rera baiti huɗu da murya kamar tsohuwar salansar mota.

"Ba haka ba! Kai waƙa kake yi ko lodi kake kira? Sake."

Ya sake. Inna na bakin murhu da hannu a rataye, tana dariya tana share ido da kafaɗa. Can daga cikin ɗaki muryar tsohon ta fito, garau.

"Wane jaki ne aka ba riƙon ƙarfe yau?"

Direba ya buɗe baki zai amsa. Dungu ya kai masa dungu a ƙeya.

"Kada ka tsaya, sakarai! Kai ta ƙarshe!"